Tiya Uku Ranar Juma'a

Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya fita da mashin, Murtala yakan buɗe kwaɗon duron hatsi ya auna wa matarsa Rashida geron sati. Duron ƙarfe ne irin na mai, an yanke bakinsa an yi masa murfi, yana tsaye a lungun ɗakinsu a wani gidan haya da ke bayan tashar jirgi a Ƙauran Namoda. Tiyar awon ma cikin duron take kwana. Mabuɗin kuwa yana aljihunsa ko masallaci zai shiga. Rashida ta durƙusa ta tara daro, shi kuma ya nutsa tiya ya ciko ta har da tozo, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar an tara masa shaidu.

"Ɗaya. Biyu. Ukku. Kin gani da idonki ko?"

"Na gani."

"To, sai wata Juma'a. Kar in ji wata magana."

Da can huɗu yake aunawa, kuma babu kwaɗo. Shekara biyu ke nan da aurensu, ɗiyarsu Nusaiba tana wata bakwai. Mashin ɗin da yake kabu-kabu da shi bai zama nasa ba tukuna. Wani Alhaji Shu'aibu na Shinkafi ne ya ba shi bashi, a kan duk Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ya kai masa dubu ɗaya da ɗari biyar. In ya yi fashi sau uku a jere a karɓe mashin, abin da ya biya a baya kuma ya bi ruwa. Da farko abin yana tafiya. Sai Shari'a ta zo, aka hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata. Murtala yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya da kabbara ranar da aka yi gangami, har muryarsa ta dushe kwana biyu. Sai da ya dawo ya zauna ya yi lissafi, ya ga ashe rabin fasinjansa mata ne, masu zuwa awon ciki da masu zuwa biki da 'yan makaranta.

Ran nan ya zaunar da Rashida ya ce za a rage cefane har a gama biyan mashin. Ba ta yi gardama ba, don ita ma ta san in mashin ya tafi, tuwo ya tafi. Nama ne ya fara barin gidan. Madarar shayi ta bi shi, daga baya shayin kansa. Kananzir ya koma na fitila kaɗai, girki ya koma kan karan dawa mai hayaƙin da ke sa ido ruwa. Omo ya koma sabulun salo. Man gyaɗa kwalba guda ya koma rabi. Wani sati da kuɗin Alhaji suka ƙi cika, da hannunta ta cire 'yan kunnenta ta haɗa da kwanukan jere guda shida ta ba dillaliya, ta miƙa masa kuɗin ba ta rage ko na kwalli ba. Da ya ce gero ya koma tiya uku, ta ce to. Kuma ta iya da shi. Kunu da safe, tuwo da dare, ɗumame in ya ragu, har Juma'a ta zagayo akwai ɗan abin da za a kaɗa a ƙasan daro.

Wajen wata biyu kafin azumi sai gero ya fara ƙarewa ranar Laraba.

Tiya uku dai take gani ana zubawa, cike, har yana zubowa gefe. Amma in ta kai Laraba da la'asar sai ta ji farcenta yana kankarar ƙarfen daro. Ta zargi ɓera, ta rufe daron da faifai ta ɗora dutse. Ta zargi kajin maƙwabta. Ta zargi mai injin niƙa, ta daina aikawa, ta koma daka da hannu da goyo a baya. Ta riƙa tsince ƙwayar da ta faɗi gindin turmi ɗaya-ɗaya, dusar ma ta daina zubarwa. Duk a banza. Laraba na yi, gero ya ƙare.

Ranar farko da ta gaya masa, kallonta ya yi sama da ƙasa.

"Ke hwa hannunki rami gare shi. Ina can rana tana cin ƙeyata, ke kina nan kina rabon gero awa matar hakimi. Wa kike ba?"

"Wallahi ban ba kowa ba."

"To aljannu na. Sai ki ce su riƙa biyan Alhaji Shu'aibu."

Ba ta ƙara gaya masa ba. Ta koma cika masa kwanonsa kamar kullum, ita ta kankare ƙanzo ta jiƙa ta sha. Mai shayarwa kuwa ba ta ɓoye yunwa. Nono ya ja baya. Nusaiba ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta fasa kuka, ta koma ta cije ta da dasashi don haushi. Yarinyar da cinyarta take nannaɗe kamar an ɗaure da zare, sai ga wuyanta ya fito. Rashida takan zauna ta buɗe tafin hannunta tana kallo, tana tunanin ko da gaske wani abu ne ya same shi. Har rubutu ta sa aka karɓo mata ta wanke hannun da shi.

Abin bai tsaya a ɗaki ba. Da azumi ya kama, Murtala ya kai wani fasinja Zurmi, a hanya ya ratse garin Dauran wurin surukinsa Malam Labbo, ya zauna ya karanta masa cewa ɗiyarsa almubazzara ce, tana neman ta sa a ƙwace masa mashin. Ya dawo yana share ƙafa a bakin ƙofa ya ce, "Baba ya ce a hwaɗa miki shina nan tahe jajiberen Sallah. Shina da magana da ke."

Malam Labbo mutum ne da bai taɓa sayen ƙwayar hatsi a kasuwa ba tun da ya kafa gida. Ya san adadin damman da ke rumbunsa kamar yadda ya san 'ya'yansa. A gidansa yaro ya fasa tulu a yi masa faɗa a wuce, amma ya zubar da tuwo sai ya kwana yana jin jiki. In aka ce masa ɗiyarsa ta yi sata zai nemi shaida. In aka ce tana ɓarnar abinci, wannan shi aka zaga, shi da tarbiyyar gidansa. Rashida ta san abin da zai faɗa tun bai zo ba, kuma ta san ba ta da amsa, tunda uku ake auna mata a gaban idonta.

A gidan hayar akwai wata mata Nkiru, Inyamura ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Shekararta goma sha biyar a Ƙaura, tana sayar da garin rogo da shinkafa da gero a ɗan teburi a bakin zaure. Hausa a bakinta kamar 'yar gari, illa dai mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta in ta yi sauri. Wata Laraba cikin azumi, da Rashida ta ga ba abin da za ta dama na buɗa baki, ta cire kunya ta je ta ranci tiya guda a wurinta, a kan za ta mayar ranar Juma'a.

Juma'a ta yi. Da Murtala ya ciko tiyar farko, sai Rashida ta tara masa ƙwarya daban, ta ce wannan na kunu ne za ta jiƙa. Yana fita ta ɗauka ta kai wa Nkiru.

Nkiru 'yar kasuwa ce, ko uwarta ce ta kawo mata hatsi sai ta auna. Ta jawo tiyarta ta juye ƙwaryar a ciki. Gero ya tsaya can ƙasa da baki, ya rage wajen yatsa uku kafin ma a yi maganar tozo. Ta girgiza tiyar, ta dubi ƙwaryar ko wani ya maƙale, ta ɗago ta dubi Rashida.

"Amarya, mi ke nan? Ni na ba ka cike, kai ka kawo mini da rami?"

"Madam, tiya guda ce wallahi. Yanzun ga maigida ya auna, har da tozo."

"Tozon ya hwaɗi a hanya ke nan, daga ɗakinki zuwa nan?" Nkiru ta yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba. "Kullum 'yan agaji suna zuwa suna juya mini tiya, suna ƙwanƙwasa, wai ko arniya tana tauye mudu. Ashe cikin ɗaki ya kamata su shiga. Ku da azumi a baki!"

Rashida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta koma da gudu ta ɗebo daga nata ta cika mata. Har ta juya za ta tafi sai ta tsaya.

"Madam, ara mini tiyar taki, yanzu in maido."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ta haɗa abin da ya rage a daro ta auna. Ta sake aunawa. Ta lissafa da wanda ta kai wa Nkiru. Abin da ake ƙirga mata uku da babbar murya kowace Juma'a, biyu ne da ɗan abin da bai kai rabi ba. Ta zauna a ƙasa riƙe da tiyar mutane, Nusaiba tana jan zanenta.

Duk da haka ba ta yarda ba. Tiyar da ke cikin duro tata ce, cikin kayan aurenta ta zo. Malam Labbo ne ya sayo guda biyu iri ɗaya a kasuwar Zurmi, ya riƙe ɗaya ya ba ta ɗaya, har ya sa aka ƙwarzana mata alama a gefe. Ta ce a ranta wataƙila ta Nkiru ce babba. Ta riƙe wannan zaton har kwana shida, don ya fi ɗayan sauƙin haɗiya.

Ranar Alhamis Murtala ya makara, ya tuɓe rigar jiya ya jefa mata ya ce a wanke, ya zura wata ya buga mashin sai Shinkafi. Da ta zo laluben aljihu kafin ta tsoma a ruwa, ta ji mabuɗi. Ta kuma jawo wata takarda a dunƙule, ta jiƙe sharkaf da mai, ga garin yaji manne a jiki da tsinkayen tsire guda huɗu a karye. Dama tun da azumi ya kama ba ya buɗa baki a gida, wai lokacin ne fasinja ke yawa a tasha, dabino da ruwa kawai yake sa wa cikinsa. Ƙamshin ya bugi hancinta, ita da rabonta da nama tun sunan Nusaiba. Yawu ya cika mata baki, ta fita ta tofar.

Ta buɗe duron. Ga tiyarta da alamarta, daga waje ba abin da ya same ta. Da ta leƙa ciki a hasken ƙofa sai ta ga aikin. An yanko wani faifan gwangwani daidai da cikin, an zaunar da shi sama da gindin na asali, an bi gefen da dalma, an goge da toka har launin ya saje. Aiki ne na maƙeri, mai kyau kuwa, wanda aka zauna aka yi ciniki aka biya. Ba ɓacin rai ne ya kama mutum ya yi shi cikin minti ɗaya ba. Sai da ya ɗauki tiyar ya ɓoye a riga, ya kai, ya yi bayanin abin da yake so, ya jira, ya dawo da ita, sa'annan ya tsaya a kanta kusan wata uku yana cewa kin gani da idonki ko.

Ba kuka ne ya zo mata ba. Tashin zuciya ne, irin na wanda ya gama shan fura ya ga abin da ke kwance a ƙasan ƙwarya. Ta tuna rubutun da ta wanke hannu da shi. Ta tuna 'yan kunnenta.

Ta fita ta tambayi Nkiru nawa ne tiyar gero yanzu. Nkiru ta ce sittin. Rashida ba ta yi boko ba, amma wannan lissafin bai gagare ta ba. Abin da yake tauye mata a sati bai wuce na naira arba'in ba. A cikin dubu ɗaya da ɗari biyar na Alhaji Shu'aibu, naira arba'in ko ƙura ba ta tayarwa. Kuɗin tsire huɗu ne. Nonon ɗiyarsa ne yake tsayawa a tasha yana ci da yaji. Abin da ya fi ci mata rai, da ya buɗe baki ya ce Rashida, abin ya ƙara matsewa, biyu da rabi za mu koma, da to za ta ce, kamar yadda ta ce a kan nama da kananzir da komai.

Ta mayar da tiyar yadda ta same ta, ta rufe kwaɗon, ta ajiye mabuɗin a kan taga. Da ya dawo ya gan shi ya yi wuf ya ɗauke yana satar kallonta. Ita kuwa tana tuƙa tuwo ba ta ɗago ba.

Ta yi tunanin ta tare shi da maganar. Amma ta san kafin gari ya waye tiyar za ta ɓace, wata ta zo, a ce ga almubazzaranci ga ƙazafi. Ta yi tunanin ta gaya wa Baba da baki in ya zo. Malam Labbo kuwa ba ya sauraren ɗiya tana kai ƙarar miji a gaban mijin, zai ce ta rufe masa baki tun ba ta kai rabi ba. Sai ta tuna zakkar fidda kai. Limamin unguwa ya sha faɗa cewa tiya guda cikakkiya tana fidda mutum guda. Su uku ne a ɗakin, har da jaririya. Tiya uku ke nan. A can ƙasan zuciyarta kuma akwai ɗan abin da ya rage mata game da shi: ta ce ni ya raina, amma in aka zo awon Allah, hannunsa zai tsaya.

Jajiberen Sallah da azahar Malam Labbo ya sauka daga motar Zurmi da rabin buhun gero a kafaɗa. Dogon tsoho ne busasshe, tafin hannunsa kamar bayan itace. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ƙofar ɗaki. Murtala ya tsuguna gefe yana ta sannu da hanya, Baba, ya ƙishirwa, Baba. Rashida ta durƙusa nesa kaɗan da goyo, kanta a ƙasa.

Tsohon bai ɓata lokaci ba.

"Ke, abin da anka hwaɗa mini gaskiya na? Tiya ukku ba ta kai ki Juma'a, ku biyu rak? Uwarki da tiya ukku ta riƙe mu mu biyat shekarar da hwari ya ci gona. A gidana kinka koyi wanga? Yaron ga shina hwama da bashi, shina yawo cikin rana awa jaki, ke kina watsa mai dukiya. In kin gaji da zama ki hwaɗi. Amma ki sani, ɗiyar da ke wasa da hatsi ba ta da wurin zama a Dauran."

Ya yi ta yi. Murtala yana gyaɗa kai yana cewa, "A yi mata a hankali, Baba, ƙuruciya ta." Matan gidan haya sun yi tsit a ɗakunansu, kowa ta kasa kunne. Nkiru tana bakin teburinta ta juya baya, tana jera gwangwanayen da ba su buƙatar jeri.

Da ya tsagaita, Rashida ta ce, ba ta ɗago ba, "Na ji, Baba. Allah shi huci zuciyarka. Tunda Allah ya kawo ka, ga shi ba mu hidda zakka ba. Da an auna a gabanka mun samu albarka."

"Wagga magana ta yi," in ji tsohon. "Malam Murtala, ɗauko."

Murtala ya ɗan yi jim. Ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan.

"Ai, Baba, sai an jima. Ko in aro tiyar masallaci, ita ce anka gwada."

"Mi ya samu tamu?" in ji Rashida a hankali. "Wadda Baba ya sawo a Zurmi. Ko ba da ita kake auna mini ba?"

Nan ya juyo ya dube ta, ita ma karon farko ta ɗago ta dube shi. Ya gane ta sani. Ta ga ya gane. Hanya kuwa tana nan a buɗe gabansa, kalma biyu ce: Baba, tsaya. Ta ba shi lokaci.

Ya tashi ya mirgino duron zuwa bakin ƙofa, ya buɗe. Ya nutsa tiyar can cikin gero yadda ba za a ga cikinta ba, ya ciko ta har tana zuba, ya tallabe da hannu biyu.

"Bismillahi. Wagga tawa." Ya juye a daro ya yi maza ya sake nutsa ta. "Wagga ta iyali. Wagga ta yarinya. Allah shi karɓa."

Hannunsa bai tsaya ba. Ɗan abin da ya rage a zuciyar Rashida ya mutu a wurin, ba hayaniya.

Malam Labbo bai ce amin ba. Daron yake kallo. Mutumin da ya shekara hamsin yana auna hatsi ba ya buƙatar a gaya masa inda tiya uku take kaiwa a daro.

"Ukku ke nan?"

"Ukku, Baba. Ai ka gani."

"Miƙo tiyar."

"Baba, ai..."

"Miƙo, na ce."

Ya karɓa ya juya ta, ya ga alamar da ya sa aka yi. Ya zura hannu ciki ya dafa ƙasan da yatsu a miƙe. Tasa ta gida tana shanye hannunsa har wuyan hannu. Wannan a tsakiyar tafi ta tsaya. Ya ƙwanƙwasa da farce, ta amsa da muryar abin da ke da kogo. Ya zaro 'yar wuƙarsa daga kube, ya soka a gefen dalmar ya banƙara. Faifan ya yi tsalle ya faɗi kan tabarma ya kife. A bayansa fentin bai goge ba: gwangwanin madarar gari ne, irin manyan da masu shayi ke jerawa a tasha.

Nusaiba tana ƙananan kuka a bayan uwarta.

"Baba, bari in yi maka bayani," in ji Murtala, bakinsa yana sauri. "Dabara ce ta tattali. Mata in ka ce musu an rage sai ƙorahi, amma in ba su sani ba sai su saba. Alhaji Shu'aibu ba shi da sauƙi, sati biyu na riga na yi hwashi, in na ƙara guda..."

"Nawa ka tara da wagga dabara?"

Murtala ya sunkuyar da kai yana kallon faifan.

"Na ce nawa ka kai ma Alhajin daga ciki?" Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ka hau mashin ka sha mai tun daga nan har Dauran, mai na hi kuɗɗin geron da ka sata, don ka zaunar da ni ka ce ɗiyata ɓarauniyar gidanta ce. Na baro gida da azumi a bakina na zo na zage ta gaban maƙwabta. Kana tsugune kana ce mini a yi mata a hankali. Sannan ka ɗauki abin ga ka auna ma Allah da shi, da bisimilla." Ya juya kai gefe ya tofar da yawu. "Ko ɓarawon kasuwa baƙo yake cuta."

Ya dubi ɗiyarsa. Irinsu ba su iya ba da haƙuri da baki ba. Ya daɗe yana kallon wuyan jikarsa da ƙashin kafaɗar uwar, abin da bai lura da shi ba sa'adda yake faɗa.

"Tashi daga durƙuson ga, Rashida," ya ce. "Kawo mini ita in gani."

Ta kwance goyon ta miƙa masa. Ya ɗora yarinyar a cinya, ya tura wa Rashida tiyar da ƙafa.

"Auna zakkar da hannunki. Daga duronshi."

Ta juye daron cikin duro ta sake aunawa, uku cikakku. Gero ya hau har inda ya kamata ya kai, kowa yana gani. Malam Labbo ya miƙa wa Murtala tafin hannu. Murtala ya gane, ya zaro mabuɗin ya sa masa. Tsohon ya ba Rashida.

"Rabin buhun ga naki na, ke da ɗiyarki, ba na biyan mashin ba. Duro kuma ke ka riƙon shi daga yau. In ya ga ba shi iyawa haka, mota tana zuwa Dauran kullum, ɗakin uwarki na nan." Ya juya ga Murtala. "Bashi kuwa ka zauna da ita ku lissafa, ta san saura nawa, tunda da kwanukanta aka biya wani. In ragewa za a yi, a hwara da bakinka."

Bai tsaya buɗa baki ba, ya ce zai sha ruwa a hanya. Murtala ya ce bari ya kai shi tasha a mashin. Ya ce ƙafarsa lafiya lau take.

Bayan ya fita, Murtala ya tsaya a tsakar gida yana jujjuya faifan gwangwanin a hannu. Rashida ta ɗauka ko yanzu zai ce wani abu da mutum zai iya riƙewa. Ya yi tsaki.

"Kin kyauta. Kin tara mini jama'a. Naira tamanin na ba maƙerin ga, ga shi tsoho ya ɓalle shi a banza."

Ta ɗaura mabuɗin a bakin zanenta, ta ɗauki tiyar ta nufi bakin rariya da toka da soso. Ta wanke ta ɗauraye, ta sake wankewa. Nkiru ta matso ta tsaya a kanta tana ƙirgawa, har ta ga an yi na shida an shiga na bakwai.

"Amarya, sau bakwai? Na san wannan. Ba in kare ya sa baki kuke yin haka ba?"

Rashida ta watsar da ruwan, ta kife tiyar a rana.

"Kare ba shi yin bisimilla," ta ce, ta shiga ɗaki ta ɗora wa ɗiyarta kunu.